Ƙwayar da Mahfuzu Ya Jefar

Hannun Rahila Mahfuzu ya fara gani, ja da lalle, yana jera ƙwayoyin wani wasa da ake kira majan a kan tabarma. Shi mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Ibohamane, gyaran moto, babur ɗinsa, ya kawo shi Madawa. Malam Hamidu, mahaifinta, ya yafito shi don su uku ne da maƙwabcinsu Kabiru, wasan kuma sai mutum huɗu. Wani Bajapane da tsohon ya yi wa direba a da ne ya bar masa akwatin wasan.

Ita ta koya masa, kanta a sunkuye. In wani ya jefar da ƙwayar da za ta cika maka hannu, ka ce ron. In da kanka ka jawo ta daga tarin ƙwayoyin, ka ce tsumo. Amma in ka taɓa jefar da wadda kake jira, ka shiga furiten: ba ka karɓarta daga hannun kowa, sai ka jawo ta da kanka.

Daga ranar, duk Asabar sai moton ta lalace.

Ana haka ya ji an ce dangin Kabiru sun kai goro gidan. Bai tambayi kowa ba, ya rubuta mata: "Na ji labari. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki manta da ni."

Kwana biyu Rahila ba ta ci abinci ba. Goron kuwa na ƙanwarta Hindatu ne.

Da Mahfuzu ya gane, kunya ta hana shi zuwa, ya tura kawunsa neman aure. Malam Hamidu ya ba baƙon fura, ya saurare shi tsaf.

"Ku ce mishi furiten ne," ya ce.

Kawu ya koma yana tambayar ko wata cuta ce. Kafin la'asar saƙon Rahila ya shigo: "Rabin raina, darasin farko ka manta? Baba ba ya ba da ni ta hannun wani."

Washegari, cikin ruwan sama, ya tura moton da ta lalace da gaske har ƙofar gidan. Ya durƙusa da laka a gwiwa.

"Baba, ni na jefar. Na zo da ƙafata."

Tsohon ya dube shi. A bayan labule Rahila tana leƙe.

"Tashi, ɗana. Ka jawo."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Hamidu ya sa musu albarka, ya ɗora akwatin a kan kayan amarya, da sharaɗin duk Asabar su dawo da shi.