Shugabar Kaumi

Ranar da tirelar shanu ta kife a hanyar kasuwa, aka cika wani ƙaramin asibiti na unguwar Dogo Tebo da masu rauni, ranar Kaumi ya fara ganin Ummul-Khair. Shi yana ɗakin gwajin jini, ita kuwa sabuwar nas ce. Kowa ya ruɗe, har likita. Ita kaɗai ta tsaya a tsakiyar jama'a, ba ɗaga murya, tana ba kowa aikinsa, sai ga hayaniya ta kwanta kamar an yi ruwa an ɗauke. Kaumi ya saki baki. Ta juyo ta ce, "Malam, jini muke nema, ba 'yan kallo ba."

Ya ruga ya kawo, amma zuciyarsa a nan ya bar ta.

Sai da ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya tura mata saƙo: "Nas ɗina, kullum ina gano ciwon mutane, nawa ya gagare ni."

Ta amsa: "Kaumina, naka ba na asibiti ba ne. Maganinsa yana wurin Babana a unguwar Yerimaram."

Ana cikin haka mai asibitin ya ce zai naɗa manaja, kuma tsakanin su biyun zai zaɓa. Siddiq, akantan asibitin, wanda ya daɗe yana sonta, ya raɗa mata cewa ya ga Kaumi a ofishin mai asibitin yana kamun ƙafa. Ta daina amsa wayarsa. Kaumi ya rame, bai san laifinsa ba.

Ranar naɗin mai asibitin ya faɗi gaskiya a gaban ma'aikata: Kaumi ya zo ofis, amma cewa ya yi a cire sunansa, don shi injin gwaji ya iya, mutane kuwa ita suke ji. Nan take ya naɗa Ummul-Khair manaja. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Da aka watse ta same shi ta ce, "Ka yafe min, na saurari wani ban tambaye ka ba."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wa ya isa ya riƙe shugabarsa a zuciya?"

Saura mahaifiyarsa, Ya Fanna. Ta ce ba za ta lamunta ɗanta ya auri mai ba shi umarni ba, don wadda ta saba juya maza a wurin aiki ba ta ajiye halin a bakin ƙofa. Kaumi bai yi musu ba, ya dai roƙe ta ta je ta gani da idonta.

Ta hau Keke Napep, ta zauna cikin marasa lafiya kamar mai jiran likita. Ta ga manaja ta durƙusa tana gaida tsohuwa mai shara. Ta ga ta ja wani nas da ya makara gefe, ta yi masa faɗa ba wanda ya ji, ya dawo yana godiya. Ya Fanna ta koma gida, bayan la'asar ta kira ɗanta.

"Na girma na tsufa ban ga mulki irin wannan ba. Ka faɗa wa kawunnanka su kai goro."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Yerimaram. Da aka kawo amarya, Ya Fanna ta dafa kanta ta ce, "'Yata, a can ki riƙe asibiti, a nan ku riƙe juna. Allah Ya yi muku albarka."

Kaumi yana bakin ƙofa, ya ce amin.