Katin da Ba na Caca Ba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, kallo ɗaya ta yi masa ta taɓe baki. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai ƙananan kwamfutoci jere a kan kanta, kowace ba ta fi kwalin takalmi ba. Saboda su ne 'yan layin suka laƙa wa mai shagon suna Ɗan Kwali.

"Malam, laftop ɗina ce ke sandarewa duk sanda na buɗe zanen gini," in ji ta. "An ce kana gyara, amma ban ga alama ba."

Ya karɓa, ya duba ƙofofin da ake soka waya a gefenta.

"Lafiyarta lau, aikin ne ya fi ƙarfinta. Katin hoto take so, shi ke ɗaukar nauyin zane da wasannin kwamfuta. Ba zai shiga cikinta ba, sai a sa shi a akwati a waje, waya ɗaya ta haɗa su."

"Wannan ɗan akwatin ne zai yi abin da kwamfutar ofishinmu ta kasa?"

"Zauna ki gani."

Ta ɗosana a bakin kujera kamar za ta ɓata mata kaya. Ya soka wayar, benen da ta zana ya shiga juyawa sumul. Haushi ya kama ta, don ta nemi abin kushewa ta rasa.

"Ba laifi," ta ce.

"Ranki ya daɗe, yabo ne wannan ko zagi?"

Bayan kwana biyu ta dawo wai wayar ta yi gajarta. Ta sake dawowa wai fankar na ƙara. Ƙarya take yi, shi ma ya sani, ya bar ta.

Wata uku ba su cika ba saƙonni suka fara yawo.

"Sarauniyar raini, yau na haɗa wata 'yar kwamfuta, komai ya zauna daram. Wurinki kawai ya rage."

"Ɗan Kwalina, ni ba na zama a ƙunci. Amma zan duba."

Har aka tsayar da Asabar ɗin da iyayensa za su zo wurin Baba, mahaifin Auta. A nan Manaja ya shigo. Ɗan abokin Baba ne, ya shekara biyu yana zarya gidan da turarensa mai hawa kai, Auta ko ruwa ba ta taɓa kawo masa da fara'a ba. Yana da kwamfuta ƙatuwa kamar firij, mai gilas da fitilu kala-kala, kuma ƙwallo kaɗai yake kallo a kanta. Shi ya zauna gaban Baba ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

"Baba, ba gulma ba. Kati yaron nan ke sayarwa, katin wasa. Matasa ne ke cika shagonsa."

Bai yi ƙarya ba, munafukin, amma ya san abin da Baba zai ji. Baba tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana ƙwace katin caca a aljihun ɗalibai.

"Ɗan caca a gidana?" ya ce da Auta.

"Baba, katin kwamfuta ne."

"Na wasa ne ko ba na wasa ba?"

"Na wasa ne, amma..."

"To tashi ki ba ni wuri. Ki ce musu kada su ɓata man motarsu ranar Asabar."

Ta kasa gaya wa Ɗan Kwali. Kunya ta hana ta, girman kai ya ƙarasa. Kwana uku tana karanta saƙonsa tana kuka, ba ta mayar ba.

"Masoyiyata, idan laifi na yi, faɗa min. Idan kuma shagon ne kika sake kallo kika ga bai kai ba, shi ma faɗa min."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta kai wa Mama ƙara, Mama kuwa ta jira Baba ya gama shan shayi sannan ta ce, "Malam, duk shekarunka a makaranta, ka taɓa korar yaro ba ka laluba aljihunsa ba?"

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya ɗauki tsohuwar laftop ɗinsa, ya karɓe wayar Auta, ya tsayar da ita a gefen ƙofar shagon inda za ta ji ba a gan ta ba. Ɗan Kwali bai taɓa ganin fuskar Baba ba.

"Kati nake so," in ji Baba. "Mafi tsada."

Aka ɗauko masa wani faffaɗan ƙarfe mai fanka uku. Baba ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu.

"Wannan ne katin? Ta yaya ake rabawa?"

"Ba a rabawa, Baba, ɗaya ake sawa. A wace kwamfuta za ka yi amfani da shi?"

Baba ya tura masa tsohuwar. Ɗan Kwali ya duba gefenta ya girgiza kai.

"Ba zan sayar maka ba. Ba ta da ƙofar da za ta ɗauki akwatin. Ko ka kai shi gida, ado kawai zai zama."

"Ina ruwanka? Kuɗina ne."

"Naka ne, Baba, amma daga hannuna zai fita. Me kake yi da ita?"

"Rubutu."

"To ƙura ce ke damunta. Ba ni minti goma."

Auta ta leƙa. Ɗan Kwali ya zana hoton bayan laftop ɗin a takarda, duk sukurun da ya kwance sai ya ɗora shi a daidai wurinsa a zanen. Ya goge fankar, ya mayar da kowane sukuru ramin da ya fito. Baba bai ɗauke ido daga takardar ba.

"Manya da gemu suna wasan yara, kai kuma kana haɗa musu," Baba ya ce yana yamutsa fuska. "Sana'ar banza."

"Da ita nake ci, Baba, kuma ban cuci kowa ba."

Baba ya juya wajen ƙofa. "Ke, shigo."

Sukurudireba ta suɓuce daga hannun Ɗan Kwali. Ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Har yanzu ban ga amfanin abin nan ba," in ji Baba. "Amma ɗan caca ba ya ganin kuɗi ya kore su. Ka ce wa iyayenka Asabar, ƙarfe huɗu. Wanda ya makara a waje zai tsaya."

Ƙarfe uku da rabi suka iso. Manaja kuwa, da Baba ya kira shi ya tambaye shi ma'anar kati, sai ya tuna yana da taro, bai sake taka gidan ba.

Ranar da za a kai amarya, Baba ya zaunar da su biyu a falonsa. Auta na kuka a cikin mayafi, na daɗi da na rabuwa a haɗe. Baba ya kama hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Na raina ka ban san ka ba, wannan laifina ne. Ga ta nan. Raini gare ta, a wurina ta gada, sai ka yi haƙuri da mu duka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."