Biyun Da Ta Koma Ɗaya

Ranar Laraba da hantsi Iya Tela ta gano an yi wa jikanyarta sata, kuma a kan teburin keken ɗinkinta ta gano.

Takardar sakamakon jarrabawar gama firamare ce. Jiya da yamma Iya ta je duba surukarta mai fama da ciwon baya, sai ga ɗanta bakanike ya shigo da ambulan a liƙe. Ya yage bakinta a gaban kowa, ya duba, ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗari da saba'in da uku," in ji shi. "Makarantar kwana ta 'yan mata kuwa ɗari biyu da hamsin suke nema. Sai dai ta maimaita aji shida."

Yarinyar, wadda kowa ke kira Bahaguwa don da hagu take rubutu, ta miƙe. Ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya. Iya ta miƙa hannu ta ce a ba ta takardar. Bakanike ya yi 'yar dariya: "Iya, me za ki gani a ciki?" Ta fizge ta, ta cusa a jaka, ta tafi da ita.

Gaskiyarsa, Iya ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ba wanda ya sa ta makaranta, ba ta kuma ɓoyewa. Amma shekara arba'in tef ɗin awo na rataye a wuyanta, kuma tef ba haruffa ne a jikinsa ba. Lamba kam ta san ta kamar yunwar cikinta. A takardar akwai ƙananan lambobi huɗu a jere, da babba ɗaya a ƙasa. Ta ɗauki allin zanen yadi ta shiga haɗawa a kan teburi: sittin da takwas, saba'in da ɗaya, sittin da huɗu, saba'in. Ɗari biyu da saba'in da uku. Ta goge da gefen hannu ta sake. Ɗari biyu da saba'in da uku. Ta ƙasa kuwa ɗari da saba'in da uku ce. Ɗari guda cur ta yi ƙafa.

Ta leƙa shagon mai kitso da ke jikin nata, wadda ɗanta ajinsu ɗaya da Bahaguwa.

"Ke, ara mini takardar yaron nan naki."

"Iya, me za ki yi da ita? Da ƙyar ya tsallake fa, kar ki tona mana asiri."

"Ni ban zo auna ƙwaƙwalwar ɗanki ba, na san ba ta kai inci biyu. Kawo."

Ta haɗa lambobinsa huɗu, suka yi daidai da ta ƙasa, ko ɗigo babu ragi. Sai ta shafa takardun biyu da yatsa, yadda take shafa yadi in mai kaya ya rantse mata mai kyau ne. Ta yaron tana da kauri, kuma hatimin da ke kusurwa ya taso, ana jin tudunsa. Ta Bahaguwa laƙai-laƙai, hatimin a kwance, hotonsa ne kawai.

Ta rufe shago. Gwiwarta ta dama tun safe take zugi, ga ɗinki uku na jiranta, amma ta kama hanyar makaranta.

Malamin aji shida ta fara samu, zaune a ajin da babu kowa, yana cike wasu takardu. Siriri ne, idanunsa jajur.

"Kai ne malamin Bahaguwa?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. Ai muna ta murna..."

"Riƙe murnarka. 'Yar wa ka sayar wa gurbin jikata?"

Ya ajiye biro. "Iya, tun shekaranjiya iyaye ke zagina. Wanda ɗansa ya ci ya ce ƙoƙarin yaro ne, wanda nasa ya faɗi ya ce laifina ne. Amma wannan zagin sabo ne. Mu gani."

Ya karɓa ya duba, ya ɓata fuska. "Wannan ba tamu ba ce."

"Na sani. Abin da na zo tambaya, wa ya yi ta? Kai ka raba takardun?"

"Ni na raba, ranar Litinin, a bakin ofis, a gaban iyaye sun fi arba'in. Daga hannun hedimasta zuwa nawa, daga nawa zuwa na uba. Ko minti biyar ba su yi a wurina ba. Kuma Iya, yarinyar nan ita ce ta biyu a makarantar nan kaf. Shekara shida ina koyarwa, ita kaɗai zan nuna in ce ga aikina. In rage mata maki don in cuci wa?"

Iya ta kalle shi sama da ƙasa. Wuyan rigarsa an juya shi, juyin ma na wanda bai iya ba. Wanda ya sayar da gurbi ba ya yawo da irin wannan wuyan riga. Ta ce, "Kai ni wurin babbanku."

Hedimasta dattijo ne mai tabarau, fanka na juyawa a kansa tana ƙara ba ta ba da iska. Iya ba ta jira a ce ta zauna ba.

"Ku da kuka yi karatu kun ɗauka duk wanda bai yi ba jaki ne. To ga jaka ta zo. Haɗa mini waɗannan."

Bai yi fushi ba, ƙarfin fushin ma ba shi da shi. Ya jawo doguwar takardar da hukumar jarrabawa ta aiko da sunayen yara duka, ya bi da yatsa.

"Ga ta nan. Darussa huɗu ne, Iya, kowanne a kan ɗari. Lissafi saba'in da ɗaya, kimiyya saba'in, sauran biyun ga su. Jimla ɗari biyu da saba'in da uku. Ta wuce abin da ake nema da ashirin da uku. Sunanta na cikin waɗanda aka ɗauka."

"To rubuta mini wata."

"Ba ni nake bugawa ba, hukuma ce. In an nemi sabuwa, wata biyu in an yi sa'a. Makarantar kwana kuwa gobe Alhamis ƙarfe huɗu suke rufe rajista, kuma sai da takardar asali mai hatimi. Wadda ba ta kawo ba, gurbinta ya koma ga ta bayanta."

"Wace ce ta bayanta?"

"Ba a makarantar nan take ba. Ko sunanta ban sani ba."

Iya ta zauna a lokacin, don gwiwar ta ƙi. In babu wanda zai ci riba a nan, me zai sa su yi? Ta ce, "Wa ya liƙe ambulan ɗin?"

Malamin aji da hedimasta suka dubi juna.

"Wace ambulan?" in ji malamin. "Iya, allin rubutu ma da ƙyar muke samu. Tsirara muka miƙa takardun."

"Wa ya karɓi tata?"

Hedimasta ya buɗe littafin sa hannu ya juyo mata shi, ya manta ba ta karatu. Ba ta buƙaci karatu ba. A gefen layin akwai shatin babban yatsa, baƙi ƙirin da man inji.

"Mahaifinta," in ji shi a hankali. "Litinin, ƙarfe goma."

Ta tashi ba ta ba kowa haƙuri ba. Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ce wa malamin, "Ka kawo rigar nan in gyara maka wuyan. Abin kunya ne."

Shagunan kwamfuta biyu ne tsakanin makaranta da garejin ɗanta. Na farko injinsa ya mutu tun makon jiya, ƙura ma ta rufe shi. Na biyu na daura da gareji. Mai shagon yana ganin takardar a hannunta ya shiga gyara wayoyin da ba su lalace ba.

"Aikinka ne?"

"Mama, mutane da yawa ke zuwa nan."

"Ban tambaye ka mutane ba. Ka mayar da biyu ɗaya, ka manta da lambobin sama. Ko ƙaryar ma ba ka iya ba. Zan tsaya a bakin shagon nan in faɗa wa duk mai wucewa nan ake buga takardun bogi, daga nan in wuce ofishin 'yan sanda. Ina da baki, ina da lokaci."

"Wallahi cewa ya yi wasa zai yi wa 'yarsa! Shi ya sayi ambulan ɗin ma a nan."

"Ina ta asalin?"

"Ya tafi da abarsa."

Ta tarar da bakanike kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Ta taɓa tafin ƙafarsa da takalminta.

"Fito."

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Da ya ga fuskarta ya daina gogewa.

"Ka karɓa Litinin, ka kawo Talata. Makaranta ba ta ba da ambulan, kai ka zo da ita a liƙe don a ce ba ka taɓa ba. Lambobin sama sun ƙaryata ta ƙasa. Hatimin hoto ne. Maƙwabcinka mai kwamfuta ya amayar da komai. Ka ce me zan gani a ciki. To na gani. Ina takardar yarinya?"

Ya zauna a kan taya.

"Iya, kin ga uwarta. Tun haihuwar nan ba ta iya sunkuyawa. Wa ke ɗebo ruwa? Wa ke wanke ƙananan, ya kai su makaranta, ya goya jaririn? Bahaguwa. Ni ina nan daga fitowar rana har faɗuwarta. In ta tafi gidan ya rushe. Shekara ɗaya kawai na ce, kafin uwar ta miƙe. Baɗi ta sake rubutawa."

"Shi ne ka kasa buɗe baki ka ce kana neman taimako, sai ka ce wa yarinya ita daƙiƙiya ce? Tun jiya ko ruwa ba ta sha ba! Ni da aka hana ni makaranta, aƙalla a fuskata aka faɗa mini ba za ni ba. Ba wanda ya yi mini ƙaryar cewa kaina ne babu komai."

"Wa zan nema, Iya? Ke da gwiwarki?"

"Gwiwata ce ta kawo ni nan. Takarda."

Ya jawo akwatin sifanunsa, ya ɗaga tiren sama. Tana ƙasa, naɗe cikin leda biyu, ko ɗigon mai bai taɓa ta ba. Iya ta shafa kusurwar, ta ji tudun hatimi. Ta so ta ƙara zaginsa, zagin ya ƙi fitowa.

"Ka nemo mota a kwashe kekena da katifata a kai gidanka yau. Mai kitso ta daɗe tana so ta faɗaɗa shagonta, ta samu nawa. Ruwa kai za ka ɗebo kafin ka fito aiki, ba ni ba. Sauran na ɗauka. Gobe da sassafe kai za ka kai Bahaguwa rajista. Yanzu tashi mu je."

"Iya, ki faɗa mata an yi kuskure ne a makaranta."

"Na gama zagin malamai a kan laifinka. Ba zan ƙara musu ba."

Bahaguwa tana ɗaki inda suka bar ta, jaririn na barci a jikinta. Ta ɗago da kumburarrun idanu. Iya ta jingina da ƙofa, ta sauke nauyinta a kan ƙafar hagu, ta tura ɗanta ciki.

Ya durƙusa a gaban 'yarsa ya miƙa mata takardar. Yarinyar ta karanta, ta sake karantawa, ta dube shi.

"Baba, wannan ta wace ce?"

Ya waiwayo wajen uwarsa. Iya ta kau da kai, tana kallon kusurwar tsakar gida inda za a ajiye keke, inda rana ke duka tun hantsi.

"Taki ce," in ji shi. "Ta jiya ni na sa aka buga."