Mai Keke a Hanyar Damargu

Da tafin ƙafarta Sa'a ta share zanen da Kadiri ya yi a ƙasa.

Tun hantsi yake tsugune a ƙofar maƙera yana jan layi da tsinke, yana aza tsakuwa a duk inda aka ce masa akwai rijiya. Ya ɗago kai ya dube ta. Ko tulun da ke kanta ba ta sauke ba.

"Sa'a... me na yi miki?"

"Wa ya ba ka wannan hanyar?"

"Ɗan'azumi. Ya ce in na kai Takeita in yanke arewa ta daji, kada in bi ta Damagaram, wai ana kamun aikin tilas. Ya ce kwana biyu zan tarar da Rijiyar Doka."

"Rijiyar Doka ta rufta tun ina goye. Na ji daga bakin Baba ba sau ɗaya ba. Ɗan'azumi ma ya ji, muna zaune tabarma ɗaya."

Kadiri ya ajiye tsinken a hankali.

"Ɗan gwaggonki ne fa."

"Shi ya sa na san shi. Ni yake so, kai kuma ka tsare masa gaba."

Kadiri ba shi da kowa a Matamaye. A shekarar yunwar Kakalaba, shekara goma sha biyar ke nan, aka tsince shi a bakin kasuwa yana kuka, bai fi shekara biyar ba. Wani tsohon maƙeri ya ɗauke shi, ya sa masa suna Kadiri, ya koya masa zuga da ƙira, sannan shi ma ya rasu ya bar masa uwar maƙera da ɗaki ɗaya. Abin da yake tunawa na baya bai cika tafin hannu ba: sunan uwarsa Hawa, sun yi doguwar tafiya a ƙasa, rana tana fitowa ta hannunsu na hagu.

Keken ma tsintuwa ne. Wani tafintan Faransawa ne ya yar da shi da karyayyen wuya a hanyar Kance, Kadiri ya ɗauko ya yi wata huɗu yana fama da shi har ya tashi. Ranar da ya fara hawa ya faɗa cikin shingen ƙaya a gaban ƴan mata masu ɗibar ruwa. Duk suka kwashe da dariya, ban da Sa'a, da ta ajiye guga ta zo ta cire masa ƙaya a gwiwar hannu.

Daga nan abin ya fara.

Da ya je neman aurenta, mahaifinta Madugu Ummaru bai ja magana ba.

"Ban ƙi ka don sana'arka ba," ya ce. "Amma ba na ba da ɗiyata ga wanda ban san tushensa ba. Kawo mini mutum ɗaya na jininka, ko wanda zai ce ga ubanka."

Shi ne Kadiri ya ƙudura zai tafi nema, shi kaɗai, a kan keke.

Sa'a ta sauke tulun ta dube shi.

"In ka ƙi fasawa, to ka zo gidanmu bayan la'asar."

"Baba ya ce kada in sake..."

"Ka zo kawai, Maƙeri."

Madugu Ummaru ya yi shekara talatin yana jan ayari tsakanin Kano da Agadas kafin idanunsa su rufe. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano fatauci ya canza hanya, abokan tafiyarsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ma ta rasu. Yanzu daga shi sai Sa'a a gidan, sai zaure mai faɗi da ba mai shiga.

Yana jin sallamar Kadiri ya ɗaure fuska.

"Na riga na faɗi maganata."

Sa'a ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ba maganar aure ta kawo shi ba. Hanya yake tambaya."

Tsohon ya juyo da kai. An daɗe rabon da wani ya tambaye shi hanya.

"Wace hanya?"

"Ban sani ba, Baba," in ji Kadiri. "Arewa dai."

"Matso."

Ya sa yatsunsa a fuskar saurayin, ya bi tsagar da ke kuncinsa, guda uku gajeru da ɗaya doguwa a ƙarƙashinsu. Ya sake bi.

"Wannan askar Damargu ce. Mutanen Farin Marke ke yin ta, gabas da Tanut." Ya janye hannu. "Dabbar ƙarfen nan taka me take sha?"

"Iska, Baba."

"Ƙaya fa?"

"Tana jin ƙaya."

"Raƙumi ko mai shi ya mutu ya san hanyar gida. Wannan fa?"

"Sai na tuƙa."

"To kada ka mutu. Zauna."

Kwana uku suka yi ana wannan zama. Madugu ya ce ya bi hanyar tsakuwar da Nasara ya sa aka shimfiɗa, ya kwana Takeita, ya kwana Damagaram, ya riƙe takardar izinin tafiya a ƙirjinsa don kada a haɗa shi da masu fasa dutse. Daga Bakin Birji tsakuwa za ta ƙare, sai rairayi, nan keken zai zama kaya. Ya lissafa masa rijiyoyi, wadda ruwanta ke da kanwa, wadda sai da igiya gaba ashirin, wadda Buzaye ke shayarwa ba a shiga gabansu.

"Ka tashi da asuba, ka kwanta da rana tsaka. Kada ka wuce rijiya da salka rabi, ko da an ce maka ta gaba na kusa. In ka ga kashin raƙumi sabo, kana kan hanya. In ka yini ba ka ga ko tsoho ba, juya."

Ita kuwa Sa'a ta yanka jemammiyar fatar akuya siri-siri, Kadiri ya shimfiɗa cikin tayoyi saboda ƙayar tsaida. Ta ɗinka masa jaka biyu masu rataya a baya. Ta daka dakuwa, ta soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulla garin gero da dabino. Tana aikin tana jin muryar mahaifinta daga zaure, ta yi ƙarfi kamar ta da.

A rana ta uku Ɗan'azumi ya shigo gaisuwa. Madugu bai amsa ba.

"Kai ka tura shi Rijiyar Doka?"

"Kawu, ai na ɗauka an gyara..."

"Wanda ya nuna wa matafiyi matacciyar rijiya ba ya zama a tabarmata. Tashi."

Ranar tafiya Sa'a ta tare shi a bayan gari, inda gonakin gyaɗa suka ƙare. Rana ta fara fitowa. Salka biyu na rataye a jikin keken suna ɗiga.

"Kwana ashirin," ya ce. "Tara zuwa, tara dawowa, biyu na nema."

"In ba ka samu kowa ba fa?"

"Sai in dawo in faɗi haka."

"Ka dawo ɗin dai. Ko da hannu rabbana."

"Sa'ata..."

"Kada ka sa ni kuka a kan hanya, mutane na wucewa."

Ya hau. Ta tsaya tana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya har ta daina ji.

Garin ya yi mata faɗi.

Ba ta san ta saba da ƙarar masabarsa ba sai da ta ɗauke. Kullum in za ta rijiya takan bi ta ƙofar maƙerar, ta ga asabari a sake, toka ta yi sanyi, kaji suna tono a inda yake zama. Ƙawayenta duk sun yi aure, ba wadda za ta faɗa wa. In ta gama tuwo sai ta zauna kusa da mahaifinta, shi kuma ya ɗaga kai kamar mai hangen nesa.

"Yau yana Damagaram."

Washegari ya ce, "Yau ya kai Bakin Birji."

"Yau yana tura abin nan cikin rairayi, yana zagina a zuci."

Haka ya yi ta bin sa rijiya bayan rijiya, ya kai shi, ya juyo da shi. A rana ta ashirin ya ce ta ƙara hatsi a turmi. Ta ƙara. Tuwon ya kwana a akushi.

Daga ranar tsohon bai sake cewa yau yana wuri kaza ba.

Kwana talatin. Aka gama cirar gyaɗa, aka ɗaure dammunan gero. Ɗan'azumi ya tare ta a hanyar kasuwa.

"An ga keken a Damagaram a hannun wani. An ce ya sayar ya bi ƴan Kano. Wanda ba shi da tushe, me zai riƙe shi?"

"Wa ya gani?"

"Mutane."

"In ka ga mutanen ka gaishe su."

Ta wuce da kanta a sama. Sai da ta shiga gida ta jingina da rumbu, sannan ta fara shessheka. Ba maganar Ɗan'azumi ta karya ta ba, don ta san ƙarya ce. Abin da take tsoro ya fi wannan muni.

Mahaifinta ya ji shesshekarta.

"Sa'a."

"Na'am, Baba."

"Ni na aike shi. Na aiki mutane da yawa a rayuwata. Ban taɓa aiken mutum shi kaɗai ba."

Ran kwana arba'in da bakwai, da azahar, tana shanya ganyen kuka a tsakar gida ta ji hayaniya a waje. Ta leƙa.

Wani baƙin mutum ne ramamme ke turo keke, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Tayoyin an cusa musu ciyawa an ɗaure da fata. A kan sirdin, bisa nannaɗaɗɗen bargo, wata ƴar tsohuwa ce zaune ta ƙanƙame ƙahon keken da hannu biyu.

Sa'a ba ta san lokacin da ta fito ba mayafi ba.

"Maƙeri..."

"Na makara," ya ce. Leɓunansa duk sun tsage. "Ta ce in na hau muka gudu za ta faɗo. Tun daga Damargu a ƙasa nake."

"Uwarka ce?"

Ya girgiza kai.

Aka shiga zaure, maƙwabta suka cika ƙofa. Sa'a ta kawo ruwa da fura. Sai da tsohuwar ta sha ta huta, sannan ta dubi Madugu.

"Sunana Shekara. Tun a hanya na ce wa yaron nan ya ce ni na haife shi, wa zai ƙaryata? Ya ƙi."

"Baba," in ji Kadiri, "Farin Marke ta zama kufai. Ban samu kowa na jinina ba. Ita kaɗai na tarar, da awaki biyu. Ƴaƴanta sun tafi a shekarar yunwa, ba wanda ya dawo. Ban iya barin ta a can ba."



"Amma na san shi," in ji tsohuwar. "A cinyata wanzami ya yi masa tsagar nan. Uwarsa Hawa ta ajiye shi a kasuwarku ta tafi neman abin da za su ci, ta faɗi a hanya, wasu fatake suka ɗauke ta ba ta cikin hayyacinta. Da ta farfaɗo ta ɗauka dangi sun kai shi gida. Ta iso ba ta same shi ba. Ba ta ga damina ta biyu ba. Ni na yi mata wanka." Ta goge ido da bakin zane. "Ubansa Idirisa ne, mai ginar rijiya. Kuma sunan da aka raɗa masa Inusa."

Kadiri ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ji labarin a bakin kabarin uwarsa, amma kafaɗunsa sai da suka girgiza.

Madugu ya juyo wajen tsohuwar.

"Idirisa gajere, mai ɗan ɗingishi?"

"Shi."

"Na sha ruwan hannunsa." Ya miƙa hannu yana lalube har ya kama na Kadiri, ya ji yadda tafin ya fashe. "Na ce ka kawo wanda zai ce ga ubanka, ka kawo. Da ka dawo hannu rabbana ma, da na ba ka. Kunya ce ta hana ni aika a ce ka juyo."

Sa'a ta tashi da sauri ta shige cikin gida, don kukan da take ta dannewa kwana arba'in da bakwai ya zo mata gaba ɗaya.

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Liman ya tsaya wa ango, Iya Shekara ta zauna a mazaunin uwa, ta karɓi amarya da hannunta. Kadiri ya gina mata ɗaki a jikin nasu.

Wata safiya yana zaune a tsakar gida yana shan koko, Sa'a na tankaɗe a gefensa, sai murya ta fito daga ɗakin tsohuwar.

"Inusa."

Bai motsa ba.

"Inusa!"

Sa'a ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"Kai fa ake kira."

Ya yi firgigit, sannan ya yi murmushi.

"Ban saba ba. Ke da wanne za ki riƙa kirana, abar ƙaunata?"

"Ko ɗaya. Sauran mata suna ɗaya suke ɓoyewa, ni biyu aka ba ni."

Ya ajiye ludayin. Tun yana ɗan shekara biyar rabon da wata uwa ta kira shi daga cikin ɗaki. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Na'am, Iya. Ga ni nan."