Baƙon da Ya Zo Cajin Waya

Tun da guguwa ta karya turakun lantarki a garinmu Utuado, duk mai wuta yakan ja igiya zuwa baranda don maƙwabta su yi caji. Ba a hana kowa. Namu akwatin batir ne, shi ke riƙe da na'urar numfashin kakata Hortensia.

Bayan faɗuwar rana wani dattijo ya hau barandarmu. Kwaɗi suka yi tsit. Hanya duk taɓo ce, amma takalminsa fari fes.

"'Yammata, a sam min wuta."

Ni da ko gaisuwa ke min nauyi, na jona masa wayarsa. Nan take fitilun akwatin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na'urar Kaka ta soma sarƙewa. Na fizge wayar, na ji ta kamar ƙanƙara.

"Haba jikalle, a garin nan ake hana baƙo?"

"Yau an fara," na ce, na zauna a kan akwatin.

Daga ɗaki Kaka ta ɗago murya da ƙyar: "Muryar Eusebio nake ji? Yaritza, gaya wa kakanki ya koma kabarinsa. Da ransa ma ban bi shi ko'ina ba, balle yanzu."