Yatsun Ustad Barkat

Ranar da Zunaira ta fara ganin Sarmad, musu ta tarar yana yi da mahaifinta.

Ta sauko daga bene ɗauke da shayi, hannunta duk ruwan zinaren da take shafa wa firam ɗin madubi, sai ta ji shagon ya yi tsit. A garin Chiniot na Pakistan kuwa, inda kowane lungu ƙarar zarto ke tashi, shirun shago ba alheri ba ne. Wani dogon saurayi ta gani durƙushe gaban injin zarton da suke yanka kusurwar firam da shi, ya zare wayar daga soket ya rataya a kafaɗa.

"Kusurwa kawai na ce ka saita mini," in ji Ustad Barkat, mahaifinta. "Ban kira ka wa'azi ba."

"Na saita, Ustad-ji." Saurayin ya kara sikwaya, ma'aunin kusurwa, a jikin faifan zarton, ya nuna masa ko siririn haske babu a tsakani, sannan ya murza teburin zuwa digiri arba'in da biyar ya ɗaure. "Amma ina murfin da ke rufe haƙoran? Ba zan mayar da wuta ba sai an mayar da shi."

"Tare mini layin fensir yake yi. Shekara talatin ina yanka, ƙirga yatsuna."

"Goma ne. So nake su kwana goma."

Dariya ta kuɓuce wa Zunaira. Saurayin ya ɗago, idanunsu suka haɗu, ta yi maza ta gyara mayafi ta miƙa masa kofi.

Tanveer, ɗan ƙanin mahaifinta kuma babban ma'aikacin shagon, shi ya tono murfin daga cikin garin katako yana tsaki. Sarmad ya ɗaura, ya sauke zarton ya ɗaga har sau uku, yana duba ko murfin na komawa da kansa.

Washegari saƙo ya shigo wayar shago, wadda take hannunta don ita ke karɓar odar kwastomomi.

"Assalamu alaikum. Mai gyaran zarto ne. A tuna wa Ustad-ji, guntun katako a matse shi da ƙarfe, ba da hannu ba, kuma ya bar faifan ya tsaya cak kafin ya ɗaga. Kofin jiya ya bar mini zinare a yatsa, na ƙi wankewa."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa: "Wa alaikumus salam. Ka wanke, fenti ne, ba ya shiga kasuwa."

Daga nan fa saƙo ya bi saƙo. Shi yana kiranta Zinariya, ita tana ce masa Mai Sikwaya, wai komai nasa sai ya miƙe.

"Zinariya, yau na saita injina shida, amma zuciyata ta ƙi saituwa. Gefenku take karkata."

"A bar ta haka, Mai Sikwaya. Kada ka taɓa mata noti."

Bayan wata biyar, mahaifiyarsa da yayanta suka zo da kwalin alewa. Ustad Barkat ya sa aka ba su shayi, bai bari an buɗe kwalin ba.

"Mu kafintoci ne tun kakanni, ku maƙera," ya ce. "Kuma yaron da ya koya mini sana'ata a gaban ma'aikatana, shi zan zauna da shi a tabarma ɗaya?"

Zunaira ta ji komai daga bayan labule. Ta san Abbu, kamar yadda take kiran mahaifinta, ba zai yi mata dole ba, amma ta san Tanveer yake so ya ba ta, don shagon ya zauna a gida. Tanveer kuwa tun daga ranar ya fara shafa turare zuwa aiki.

Sanyi ya shigo, lokacin bukukuwa. Madubin amare arba'in ake jira a hannunsu, wuta kuma a kawo awa biyu a ɗauke huɗu. Ran Talata dole ta sa aka sake kiran Sarmad ya canza faifai, don babu mai hannunsa a unguwar. Ya yi aikinsa, ya gwada, ya fita bai ɗaga ido sama ba.

Ran Alhamis da la'asar aka kawo wuta. Zunaira tana sama tana shafe. Ba ihu ta ji ba. Sautin zarton ne ya canza, kamar ya ci wani abu mai laushi.

Ta sauko a guje. Abbu yana tsaye ya danne hannun damansa a ƙirji, farar rigarsa ta rine, yana kallon teburin injin kamar mai neman fensirinsa. Tanveer ya manne da bango, baki buɗe.

Lamba ɗaya ce ta zo mata a rai, ita ta kira.

Ko minti uku Sarmad bai yi ba ya iso. Ya fizge wayar daga soket, ya naɗe hannun da tsumma mai tsabta ya danne, ya ɗaga shi sama da kafaɗa. Ya tsince yatsu uku daga cikin garin katakon shisham, ya naɗe su, ya ƙulle a leda, ya aika aka karɓo ƙanƙara wurin mai sayar da lassi, nono mai sanyi. Ya kalli injin sau ɗaya, na ɗan lokaci, sannan ya kawar da kai. Har asibitin birnin Faisalabad yana riƙe da hannun a bayan mota.

Likita ya ce haƙoran sun dagargaza su, ba za su haɗu ba.

Kafin su dawo gida magana ta riga su. Tanveer ne ya zauna wurin mai shayi ya ce, "Shekaranjiya ya taɓa injin. An hana shi aure. To ku haɗa da kanku." Kafin mako ya zagayo, layin kafintoci kaf ya yarda Sarmad ya sassauta noti. Aka daina kiransa aiki. Wani ya watsa wa ƙofar shagonsa baƙin mai.

Zunaira ta durƙusa bakin gadon mahaifinta. "Abbu, gaskiya ne abin da ake faɗa?"

Ya juya fuskarsa bango.

Shirun nan ta ɗauka amsa. Ta rubuta, hawaye na ɗiga kan gilashin wayar: "Na ba ka zuciyata, ka karɓi hannun ubana. Kada ka ƙara kirana."

Amsa ta zo bayan awa guda. "Zinariya, ban sassauta komai ba. Mutum ɗaya ne zai iya wanke ni, kuma yana cikin ciwo. Ba zan tsaya a kansa ina tuhuma ba. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki haƙuri."

Ta ajiye wayar. Amma ba ta goge ba.

Mako shida suka wuce haka. Odar madubai ta koma wani shago. Ustad Barkat ya rame, ba ya sauka ƙasa, ba ya son jin ƙarar zarton maƙwabta. Ita ke gutsura masa gurasar roti ta tsoma a miyar wake ta kai masa baki, don ya ƙi cin abinci da hagu. Ita ma ta rame, sai dai nata ciwon ba shi da bandeji.

Wata rana da hantsi tana ba shi abinci, mahaifiyarta ta shigo tana cewa, "Ɗan maƙeran nan ya sa kayan shagonsa a kasuwa. Karachi zai tafi ran Asabar. Uwarsa ko bikin dangi ba ta iya zuwa."

Lomar ta tsaya a hannun Zunaira. Abbu ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Puttar, 'yata," ya ce. "Ajiye kwanon."

Ta ajiye.

"Ni na ɗaga murfin na ɗaure shi da waya, ran Laraba, don in yi sauri. Na ɗaga zarton bai gama tsayawa ba, na kai hannu zan ɗauke guntu. Yaron ya ga wayar da idonsa, ya rufa mini asiri. Tanveer ya kwance ta kafin mutane su shigo, ni kuma na yi shiru. Na ji kunyar a ce Barkat ya yanka kansa kamar sabon shiga."

"Abbu," ta ce, "na ce masa shi ya karɓi hannunka."

"Ni na sa ki. Ɗauko mini rigata."

Ranar Juma'a ce. Bayan an sallame, Ustad Barkat ya miƙe a harabar masallacin unguwa, ya warware bandejin, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani. Ya faɗi abin da ya faɗa wa 'yarsa, bai rage harafi ba. Tanveer ya sulale, bayan kwana biyu aka ji yana Lahore.

Daga masallaci dattijon ya taka har shagon Sarmad, ya same shi yana ɗaure akwatin sifanoni.

"Kwance," ya ce masa. "Ka ce wa mahaifiyarka ta dawo da alewarta, idan ba ta yi fushi ba."

Da yamma Zunaira ta rubuta ta goge ya fi sau goma. Daga ƙarshe ta tura: "Mai Sikwaya, na zalunce ka. Ban san da wane baki zan nemi gafara ba."

"Kin yi mini ciwo, Zinariya, ba zan ɓoye ba. Amma 'yar da ta tsaya wa ubanta haka, ita nake so ta haifa mini 'ya'ya."

Aka ɗaura aure a farkon bazara, ba ganga, ba taro mai yawa, don shagon bai farfaɗo ba tukuna. Wasu daga cikin waɗanda suka yaɗa maganar sun zo, sun ci shinkafa kansu a ƙasa.

Da lokacin fitar amarya ya yi, Zunaira ta sunkuya gaban mahaifinta a bakin ƙofa. Ya ɗaga hagu, sai ya fasa, ya ɗora daman a kanta. Ta ji yadda hannun ya rage nauyi, kuka ya ƙwace mata.

"Allah ya yi muku albarka, puttar," ya ce. "Ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da kakansu."

Sarmad ya ce amin, ya sunkuya ya sumbaci hannun, sannan ya buɗe mata ƙofar mota.