Mu Baki Ne

A saman wani shagon littattafai suka fara haɗuwa, ɗakin da ƙungiyar masu karatu ke zama duk Asabar, fanka tana ƙara kamar za ta faɗo. Littafin watan labarin wata mata ne da ta yi hijira a zamanin da, goye da jariri, ta tsufa ana yi wa harshenta dariya.

Lauya ce ta fara magana. Nas ce fa, gardama ce ta ja mata sunan.

"Ni matar nan haushi ta ba ni. Shekara da shekaru a gari, ta kasa gyara harshenta?"

Wani dogo mai gilashi, sabon zuwa, ya rufe littafinsa a hankali.

"Kakata ke nan," ya ce. "Har gobe ba ta iya cewa baƙi, baki take cewa. Da wannan harshen ta ciyar da 'ya'yanta, ta kai su makaranta. Ban taɓa jin kunyarsa ba."

 Da yamma Lauya ta nemo lambarsa, ta kira shi.

"Na yi kuskure. A ba Kaka haƙuri."

"Kaka ta yafe. Jikanta ne dai sai kin zo kun sha shayi."

Daga shayi sai gardamar littafi, daga gardama sai so ya kama su, kamu mai kyau.

Wata safiya ya turo mata saƙo a rubuce: "Ina kwana, Kaunata. Da gangan na cire ƙugiyar harafin, haka muke so a gidanmu."

"To Dogona, a bar min ita a haka."

Da maganar aure ta je gaban Abbanta, sai ya murtuke.

"Jikan baƙi? Ina asalinsu? Ga ɗan aminina da na san kakansa."

Lauya ta yi kuka har ta daina zuwa ƙungiya. Da kakar Dogo ta ji, ta ɗauki sandarta ta zo da kanta. Aka shimfiɗa mata darduma kusa da Hajiya, mahaifiyar Abba, tsohuwa mai magana ɗaya-ɗaya kamar tana tsintar shinkafa.

"Alhaji, mu baki ne," in ji kakar Dogo, "amma ba barayi ba ne."

Abba ya yi murmushin raini. Hajiya ta gani.

"Me kake yi wa dariya? Ka manta ne, ko ka mantar da kanka? Ni ma da baki na zo garin nan. Kai ne kake dawowa daga makaranta da kuka, ana kwaikwayona. Gaban madubi na dinga zama ina murɗa harshena saboda kai. Na ɓoye nawa, ita ta riƙe nata, jikanta yana taƙama da ita. Kai fa?"

Abba ya sunkuyar da kai. Sannan ya matsa ya durƙusa gaban tsofaffin biyu.

"Ku gafarce ni. Na ba shi 'yata."

Ranar biki 'yan ƙungiya suka cika layin gaba, amarya tana sheƙi, ango ya kasa rufe baki. Abba ya karɓi lasifika, ya dubi mahaifiyarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Ina yi wa dukkan baki maraba. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka."

Aka amsa da amin. Babu wanda ya yi dariya, sai Hajiya, tana share hawaye.